Lissafin Dare

Shekara goma sha ɗaya ina sayar da taya a Ƙofar Ƙaura,
kullum sai na ƙirga ciniki sau biyu kafin in ce amin,
wani daren ma barci ke cinye amin ɗin.
Liyatu takan ce, "Istifanus, aljihunka ya riga ka durƙusawa."
Sai in yi dariya, in ƙara tofa yawu a yatsa.

Ran Lahadi ina waƙa da kowa,
bakina na yabo, zuciyata na kasuwa.
In faifan baiko ya doso layinmu
sai in laluba wadda ta fi tsufa, mai ɗinkin salatif,
in dunƙule ta don kada a gani.

Sai daren da zazzaɓi ya murɗe Damaris.
Ƙarfe biyu, gaban kantin magani,
dubu ɗari huɗu na kwance a wayata,
na'ura ta ce babu hanya.
Na danna, na sake dannawa, har yatsana ya yi zufa.
Kuɗina na kallona ta bayan gilashi
kamar baƙon da bai taɓa cin tuwon gidana ba.

Can na kira sunan Yesu,
ba irin kiran Lahadi ba,
kiran wanda igiya ta tsinke masa a tsakiyar rijiya.

Iya Afiniki ce ta dafa kafaɗata,
mai dafa wake a bakin majami'a,
wadda na hana rancen dubu uku da damina.
Jikanta ta zo jinya.
Ta kwance bakin zane, ta juye shi kan teburi,
'yan hamsin-hamsin masu warin hayaƙi.
Na ce, "Iya, gobe fa?"
Ta ce, "Mai goben bai yi barci ba."

Damaris ta tashi. Yanzu har igiya take tsallakewa.

Ban daina sayar da taya ba,
ban kuma ce na warke sarai ba;
jiya ma hannuna ya so tsohuwar takarda.
Sai dai da dare, in na rufe shago,
gwiwata ke fara taɓa ƙasa,
kuɗin su jira a aljihu,
bayi ne, sun san wurinsu.