Tuffa Biyu a Bayan Ɗaki

A bayan ɗakinmu, nan Tongo ta Ngaundare,
tsakanin rijiya da katangar Bobbo Hamajoda,
akwai tuffar da ta girme ni da damina uku.
Baba Tanimu ya kawo ta a gwangwanin madara
ranar da Baturiyar asibiti ta ɗaure kayanta.
Shekara tara yana dafa mata,
ladan sallama: agogon da ya tsaya, da wannan tsiro.
Ta faɗa masa sunan irin da yarensu,
ya iso gida, sunan bai biyo shi ba.

Muka sa mata Tsohuwa tun tana yarinya.
'Ya'yanta kamar ƙwan zabuwa,
kore, da ɗan ja a kunci ɗaya,
inda rana ta saba taɓawa.
Tsami kuwa, sai ido ya runtse da kansa.
Ran da tsamiya ta yanke,
da su Inna ke tsinka kunun gyaɗa.
Wata shekara kwando biyu,
wata shekara ƙwaya bakwai,
ba ta taɓa ba kowa dalili ba.

Baba ne ya koya mini sirrinta:
a ƙasarsu sanyi ke sa itace barci,
namu bai kai ba, sai mu yi mata ƙarya.
In ruwa ya ɗauke mu tsige ganyenta kaf,
har yatsu su rine,
mu hana ta sha mako uku.
Ta farka tana zaton ta kwana a gida,
ta fesa farin fure.
Shekara hamsin ina ruɗinta.
In ma ta gane, ba ta tona ni ba.

Sai Hadiyatu ta dawo daga Wakwa
da sabon dashe a baƙar leda,
takarda rataye a wuyansa, suna da lamba.
"Jaka huɗu, Baba, mai aure ce.
Damina biyu ka ci, kuma ba ruwanka da tsani.
Sare waccan, gara ta gama da gindinta."
Na ce to.
Na wasa gatari,
na jingine shi a jikin rumbu,
ban ɗauka ba.

Gaskiya ɗaya ce: Baƙuwa ta iya.
Ba ta wuce kafaɗata ba ta yi fure.
Amma na Hamajoda, uku reras, uwa ɗaya da ita,
furen ya zube, ko ƙwaya.
Ya leƙo ta katanga: "Me ka binne mata?"
Na zauna na duba.
Zuma ce, ta sauka kan Tsohuwa,
ta tashi da ƙafa rawaya ta faɗa wa Baƙuwa,
ta koma, ta dawo, har la'asar.
Ashe wannan iri
ba ya haihuwa in maƙwabci bai bambanta ba.

Ta ba da manya, ja, cike da tafi,
zaƙi har makogwaro.
Hadiyatu ta kai goma tashar jirgin ƙasa
ta dawo da kuɗin takinta.
Ni haƙori huɗu suka rage mini,
ba zan yi wa kowacce alkalanci ba.

Iskar farkon damina ta bana
ta kwantar da Tsohuwa kan bakin rijiya.
Cikinta duk ƙasa, ɓawo ne ke riƙe da ita.
Kafin ganyen ya yi yaushi
na yanki reshe tsawon yatsa,
na tsaga kafaɗar Baƙuwa da askar Baba,
na cusa, na naɗe da tsohuwar robar keke.
Hannuna na rawa. Hadiyatu ta riƙe mini,
ba ta ce komai ba.

Yau kwana ashirin da shida.
Ido biyu sun buɗe a reshen, kore shar.
Jikata Dudu ta zo da biro da guntun kwali,
wai ita ma a rataya mata suna.
"Kaka, me zan rubuta?"
Na buɗe baki,
na tuna gwangwanin madara
da hanyar asibiti zuwa gida.
Na ce rubuta Tanimu,
ai shi bai ɓace a hanya ba.