Ashirin da Ɗaya

Daren Laraba Deolinda ta rufe shagon kofinta da wuri,
ta bar mu a ciki, mu goma sha uku da kyanwa,
ta karkato talabijin ya dubi kujeru.
A waje teku na dukan katangar Matosinhos
kamar mai bin bashi.

Ga shi can, Firmino namu, a Lisbon,
cikin kwat ɗin da ya raka matarsa makabarta da shi.
Sun shafa masa hoda a goshi,
fitilu sun mai da shi fari fat kamar cikin kifi.

Shekara talatin da huɗu yana jera sardin a gwangwani,
in an tashi aiki ya bi rubutu duk inda ya faɗi:
jaridar jiya, kalandar bara, bayan kwalin ashana.
Mukan ce, Firmino, wannan tarkace wa zai saya?
Ya ce, ajiya maganin wata rana.

Mai gabatarwa, haƙora jere kamar farantan amarya,
ya ce: Babban birnin Mongoliya?
Ulan Bato, in ji Firmino, tun bai rufe baki ba.
Wane ƙarfe ne ke gudu kamar ruwa?
Zaiba.
Halittar teku mai hannu takwas, zuciyarta nawa?
Uku. Na sha fede ta, ranka ya daɗe.
Ɗakin ya ɗauki dariya, mu ma muka ɗauka,
Tsoho Albano ya buga tebur har cokula suka yi tsalle.

Tambaya tara ya haye kamar mai tsallake kwata.
Yuro dubu biyu, dubu biyar, dubu goma.
Deolinda ta fara lissafin rufin ɗakinsa da ke yoyo.

Sai aka rage fitilu.
Sai wannan kiɗan mai kama da bugun ƙirji.
Dubu hamsin, Malam Firmino, daƙiƙa talatin:
ƙasusuwa nawa ne a hannun ɗan Adam?

Ashirin da bakwai! muka ce baki ɗaya,
don shi ya koya mana, a wannan teburin,
wani dare da wuta ta ɗauke.
Ashirin da bakwai! Albano har da miƙewa,
kamar Lisbon bayan gida take.

Firmino bai ce uffan ba.
Ya zaro hannun dama daga aljihu,
wanda tun farkon shirin ba mu gani ba,
ya shimfiɗa shi a kan gilashin nan mai walƙiya.
Babban yatsa. Gurbi. Gurbi. Sauran biyu.
Yana kallonsa kamar baƙon da ya zo ba sallama.
Agogo na ci. Goma. Tara.
Leɓɓansa na motsi.

Ashirin da ɗaya, ya ce.

Jar fitila.
Mai gabatarwa ya dubi katinsa, ya ce, Kash, da bakwai ne.
Firmino ya ɗaga hannun saitin kyamara,
ƙasar duka ta gani.
Na littafi ke nan, ya ce.
Shida suna wurin injin yanka
tun hunturun da aka haifi 'yata.
Ba wanda ya taɓa tambayata lissafinsu sai kai.

Aka sako tallar sabulu.

Ranar Juma'a ya sauko daga jirgin ƙasa
da dubu biyun da ba a ƙwacewa, da kofi mai tambarin shirin.
Deolinda ta tsare shi a ƙofa:
Mantuwa ce, ko da gangan?
Ya rataye hula, ya zauna inda ya saba,
ya ɗauki kofinsa da yatsu uku,
ya hura, ya kurɓa.

Ku faɗa mini, ya ce,
wane tsuntsu ne ke iya tashi da baya?

Ba wanda ya sani.
Rufin dai har yau yana yoyo.