Harafi Ɗaya

Ranar Laraba motata ta yi shiru a shataletalen Polo,
fasinja huɗu a ciki, ɗaya da buhun dankali a cinya.
Sallau ya ɗaga bonet, ya kasa kunne,
ya ce batir ba shi da laifi,
altaneta ce ta gama nata zamanin.

A Dilimi suka ce dubu sittin, ko sisi babu ragi.
Da dare, cikin bargo,
yatsana na hawa da sauka a kan waya,
sai ga ta: hoto uku,
an kwantar da ita bisa buhun siminti.
"Daga motar gida aka cire. Talatin da takwas."
Mai ita Davou, a Bukuru.
An ce araha ba ta ado.
Ni ba ado nake nema ba, caji nake nema.
Na tura kuɗi.
Mai napep ya kawo ta cikin kwalin taliya.

Ta ƙi zama.
Sallau ya juya ta hagu, ya juya ta dama,
noti biyu suka shiga,
na uku ya tsaya bakin rami kamar baƙon da ya ɓata gida.

Abin da na faɗa a saƙon murya,
minti ɗaya da daƙiƙa arba'in,
ba zan sa shi a takarda ba.
Akwai ɓarawo a ciki.
Akwai uwa.
Alama biyu suka yi shuɗi. Shiru.

Asabar, Farin Gada, ƙarƙashin itacen turare,
inda Baba Hudu yake shari'ar gareji
a kan kujerar wata mota da ta rasa sauran jikinta.
Na zo da ƙirjina a cike,
ina jiran ƙato mai sarƙa a wuya.
Yaro ne ya zo, yayyafi a kafaɗarsa.
Ya gaida kowa. Har ni.

"Motar babana ce," in ji shi.
"Tun da muka binne shi take tsaye.
Kuɗin kuma sun tafi jarrabawar ƙanwata."

Baba Hudu bai ce Allah sarki ba.
Ya ce a ba shi fetur a murfin gora,
ya goge giris da bakin tsumma,
lamba ta fito.
Ya sa aka ɗauko tsohuwar tawa, ya jera su kamar tagwaye.
Duk ɗaya suke har ƙarshe,
sai harafin ƙarshe:
tawa B, tasa D.

"Miƙo wayar."
Ya buɗa hoto na uku da yatsu biyu.
Ga D nan zaune,
tun daren da nake cikin bargo take kallona.

"Kai ba ka faɗi shekarar mota ba.
Kai kuma ba ka tambaya ba.
Cinikin biri a sama kuka yi,
to ga biri ya sauko, ba na kowa ba ne."

Aka aiki yaron gareji Dilimi.
Wani mai shago ya karɓe ta talatin da ɗaya.
Asarar bakwai, Baba ya raba ta biyu
kamar goro.
Davou ya juye aljihu:
'yan ɗari biyar, 'yan ɗari biyu masu laushi,
har da hamsin da aka ɗinke da salatif.
Ya cika cif.
Ban tambaye shi kuɗin motar komawa ba,
sai da ya ɓace a kwana abin ya faɗo mini.

Yanzu mota na tashi bugu ɗaya.
Kullum ina bi ta Bukuru, sau shida, sau bakwai,
ina rage gudu ba dalili.

Saƙon nan na so in goge.
Waya ta ce lokaci ya wuce,
sai dai in share daga wajena kaɗai.