Tashar da Ban Sauka Ba

Ran Laraba da la'asar na dawo Kano,
ƙafafuna sun tashi kamar ƙullin alkaki,
takalmin da na saya don tafiyar
yana cikin leda, a hannu.
Tasalla ta shigo yi mini sannu da zuwa,
ko tabarma ba ta taka ba ta ce,
"To, ba ni labarin teku."

Mujittafa ne ya biya, ɗana na tsakiya.
Ya ce shekara talatin ina kirga turame a Kwari,
in je in huta.
Kwana tara, tasha bakwai,
a jirgin da ya yi kamar an ciccibi Fagge
an ɗora ta a kan ruwa,
har da masu wanki da guga.

Kullum gari na wayewa, ga wani gari a taga.
Wata yarinya mai tuta ta shige gaba,
mu a baya, kamar awakin da za a kai Wudil.
Ga tsohon gini, a ɗauki hoto.
Ga kasuwa, minti ashirin.
Minti ashirin, Tasalla!
Ni da ban gama gaisawa da mai shago a haka,
balle a kai ga albarka.
Amma na ce kuɗin yaro ne,
ko dutse ɗaya ba zan bari ban gani ba.

Tasha ta farko na riƙe ta, don matakalarta.
Ta biyu da ta uku sun cakuɗe mini kamar fate.
Ta huɗu a mota na yi ta,
baki buɗe, aka taɓa ni aka ce mun gama.

Ranar ta biyar gwiwa ta ce ba da ita ba.
Na tsaya ina kallo suna sauka,
raina a ɓace kamar an ci ni bashi.
Jirgi ya yi tsit.
Na ja kujera bakin ƙarfe, aka kawo mini shayi,
na sha shi da zafinsa, karo na farko.
Can tsallake wata mata tana shanya a kan soro,
jan zane ɗaya iska ta hana ta ratayawa,
sau uku tana ɗauko shi.
Wani yaro ya jefa ƙugiya tun hantsi,
bai kama komai ba, bai kuma tashi ba.
Na yi azahar ba mai jirana.
Na yi barcin da rabona da shi tun ina goyo.

Ban taka garin nan ba,
amma shi kaɗai na sani.

Sauran biyun na sauka,
abu ɗaya na zaɓa a kowanne, na dawo da wuri.

Tasalla ta karɓi waya tana ja da yatsa.
"Nan ina ne?" Oho.
"Nan fa?" Wallahi ko ni.
Ta ajiye, ta gyara mayafi, ta fara lissafi:
gobe suna a Gwammaja,
jibi kamu a Hotoro, anko yana wurin tela,
akwai gaisuwa a Kurna,
Iya Kande na kwance a Murtala,
Asabar kuma walima biyu, ɗaya a Sharaɗa.

Dariya ta kama ni har da hawaye.
Ashe jirgin a nan yake, ni ce ban lura ba,
ga mai tutar ma a ɗakina.

Na ce gaisuwa da dubiya zan je,
waɗannan ba a aika musu.
Sauran ki tafi mini da gudummawa,
ki ce ina cikin jirgi.

Ta fita tana mita.
Na zuba ruwan ɗumi a roba, na barbaɗa gishiri,
na tsoma ƙafa.
Ta saman katanga Dala na nan inda na bar shi,
wasu yara biyu na hawa, ɗaya ya zauna a rabi.