Minti Ashirin

A Kafin Hausa, damina ta raba tsakiya,
ƙarfe ɗaya na dare janareta ya yi tari ya mutu.
Amalanke ta tsaya a ƙofar ɗakin gaggawa,
shanun na huci, taɓo har gwiwa.
Aka sauko da Haladu, manomin riɗi,
an ɗaure masa ƙwauri da igiyar rama,
ƙafar ta tasa, tana sheƙi a hasken tocila.

Watana huɗu ke nan da fara koyon aikin,
kaina cike da shafuka, hannuna na rawa.
Na ce a ɗauko maganin dafi, maza.
Dakta Barira ta kama bakin rigata:
"Kwalba nawa ta rage a firji, Sabi'u?"
Na ce shida.
"Damina fa, saura wata nawa?"
Na yi shiru.

"Fara daga ƙofar da iska ke shiga.
Tambaye shi sunan ubansa.
Wanda ya amsa ba sarƙewa, maƙogwaronsa a buɗe yake.
Ƙirga numfashi da idonka, bugun jini da yatsunka,
na'ura tana jiran wuta, kai ba ka jiran kowa.
Ɗaga leɓensa ka haska dasashi.
Babu jini? To, ba mu sani ba tukuna.
Ba kowane sara ke zuba dafi ba,
kumburin nan ma, ko na igiya ne.
Kada ka yi duba. Jinin zai faɗa da bakinsa."

Ta sa na nemo kwalbar gilashi, ba ta roba ba,
busasshiya, wadda sabulu bai taɓa gani ba.
Na zuba jini kamar rabin cokali,
na ajiye a bakin taga.
"Kada ka taɓa, kada ka girgiza.
Minti ashirin."

Ban taɓa sanin tsawon minti ba sai daren nan.
Kwaɗi na ta surutu a bayan katanga.
Ƙanensa Ilu ya ce sun tsaga wurin da reza,
sun shafa saiwa, sun ba shi ya sha.
Faɗa ya taso mini har wuya,
ta taka mini ƙafa a hankali.
Daga baya ta ce:
"In ka kunyata ɗan rakiya yau,
gobe a gida zai kwana da majinyacinsa."
Ita kuwa tambayarsa ta yi: ya kamanninsa?
Gajere, mai zane, in ya naɗe yana ƙara
kamar ana goga busasshen kara da kara.
Kububuwa, ta ce, ba da ƙarfi ba.

Agogo ya cika. Na karkata kwalbar.
Jinin ya gangaro kamar zoɓo.

"Yanzu ka ɗauko.
Amma ja allurar farfaɗowa ka ajiye kusa da hannunka,
magani ma yakan juyo ya yi sara.
Igiyar kuma a sassauta ta sannu-sannu,
kada ka saki dam a lokaci guda."

Na zauna ina ƙirga ɗigo,
ina duban fatarsa ko za ta yi borin jini,
har ladan ya yi kiran farko,
har ruwa ya sauko ya ɗauke.

Bayan awa shida na sake ɗiba,
na sake jira, wannan karon ban kalli ƙofa ba.
Na karkata kwalbar.
Ya zauna daram, kamar kindirmo a ƙwarya.

Na je in gaya mata, na tarar ta yi barci
a kan benci, takalmi ɗaya a ƙafa.
Na rubuta a littafi: saura huɗu.
Haladu ya buɗe ido yana tambaya
wa zai nome masa riɗin kafin Juma'a.