Awon Ɗakin Tafiya

Ranar Asabar, da ruwa ya ɗauke,
muka keta taɓo zuwa filin Rasaki a bayan Apapa,
inda aka jera ɗakuna masu taya,
irin waɗanda mota ke ja a baya
kamar saniya da maraƙinta.
Ni tela ce, ba na fita sai da tef a wuya.

Uku muka tarar.
Babban ƙafa ashirin da takwas ne,
da makewayi, da madubi, da kujera mai rikiɗa gado.
Baban Nafi'u ya shafa gefensa
kamar mai tayin ragon layya.
"Shekara talatin ina ƙirga kwantenar mutane," in ji shi,
"yau dai a bar ni in ja tawa."
Rasaki ya tafa, ya ce Alhaji ya san kaya.

Na yi shiru, na tuna lungunmu na Agege:
kwata a hagu, mai gasa masara a dama,
sai kwanar da ke cin madubin kowace mota.
Na tuna gosulon hanyar Ibadan,
da ramukan da ke jiranmu kafin Mokwa,
da motarmu mai tari in ta hango tudu,
da kuɗin mai, wanda ba ya jin rantsuwa.
Wata guda za mu yi, har Yankari,
har tsaunin Mambila in ƙarfi ya kai.

Na tsakiyan ba laifi.
Zulai ta ce akwai wurin cajin waya huɗu,
Mudi ya ce labule ya raba gadajen,
kowa da nasa, ba mai ganin wani.
Nan ne gabana ya faɗi.

Na zame, na shiga ƙaramin ni kaɗai.
Yana warin roba da gishirin teku.
Na ja tef daga ƙofa zuwa taga,
na sake ja, don ban yarda da idona ba:
ƙafa goma sha huɗu.
Daidai da ɗakinmu na Idi-Araba,
har da rarar taƙi ɗaya.

Shekara goma sha ɗaya muka yi a can, mu shida,
keken ɗinki a ƙarƙashin taga,
tukunya a ƙarƙashin gado.
In Saratu ta yi tari, kowa ya farka.
In an yi dariya a duhu,
ba ka sanin bakin wa ta fara fita.
Yanzu Allah ya buɗa, ɗaki biyar gare mu,
ƙofa biyar a rufe.
Sai na buga waya ake saukowa cin tuwo.

Na leƙo na ce, ku zo ku gwada.
Suka shigo suna gunaguni.
Kan Nafi'u ya bugi rufi,
gwiwar Mudi ta sami haƙarƙarin Zulai,
Saratu ta zauna kan hular babanta,
shi kuwa ya maƙale tsakanin tebur da murhu,
ba gaba, ba baya.
Wa ya fara? Ban sani ba.
Ɗakin dai ya yi ta girgiza kan tayoyinsa biyu
har Rasaki ya leƙo ya ga ko lafiya.

Baban Nafi'u ya share hawayen dariya,
ya dubi babban ta taga, ya daɗe.
"Ina za mu sa buhun shinkafa?"
Na ce rabi za mu ɗauka, akwai kasuwa a hanya.
"Tabarmar salla fa?"
Na ce waje, ƙasar Allah ba ta da awo.

Ya fita yin ciniki yana ɗingishi.
Ni kuma na tsaya auna tagogi.
Yadi uku zai yi labule,
na waje kawai.