Kwamfuta Ta Bakwai

Ƙarfe tara na dare, Jos ta ja bargo,
ruwa na dukan kwanon ƙaramin asibitin Dilimi,
ni kuwa ina durƙushe a ƙarƙashin tebur,
tocila a baki, ina bin waya
kamar mai bin sawun akuyar da ta tsinke.

Kwamfuta bakwai ce a gidan nan.
Shida sun kai hatsinsu rumbu tun magariba,
sun juye, sun yi shiru.
Ta bakwai, ta ɗakin rajista,
mai riƙe da duk haihuwar da aka yi a nan,
ta cije a bakin ƙofa.
Jan rubutu ɗaya take maimaita min:
an kasa haɗawa.
Don me? Ta yi gum.

Na fara da abin da ido ke gani.
Na zare waya, na hure, na mayar,
'yar fitila ta ƙifta kore.
Yau dai ba laifin ɓera ba ne.
Na yi wa uwar garke sallama,
ta amsa sau huɗu, ba jan aji.
Na bi adireshi lamba bayan lamba,
na leƙa katangar tsaro ko ta datse hanya,
a wangale take kamar ƙofar gidan suna.
Kalmar sirri fa?
Sista Nanret ta rantse ko kusa ba ta je ba,
ta miƙo min shayi mai citta a kofin roba,
ta ce, "Saratu, bar shi sai gobe mana,
ai ba ƙafa gare shi ba."

Gobe.
Haka Baba ya ce da littafin bashinsa,
gobe zai kwafe shi a wani,
sai wuta ta kwana a kasuwar Taminus.
Da safe ya tsaya a kan toka
yana kiran masu bashi daga ka,
ya kai mutum sha ɗaya, ya kakare.
Ban gaya mata ba. Na kurɓi shayin.

Na buɗe kundin kurakurai,
layi bisa layi kamar jerin tururuwa,
ido na yaji, yatsu sun ƙage da sanyi,
can wajen na ɗari biyu na ci karo da shi:
takardar shaida ba ta fara aiki ba tukuna.
Tukuna?
Takardar da na sa da hannuna tun bara?

Sai na dubi kusurwar allo, ƙasa, dama,
inda ba mai dubawa.
Ɗaya ga Janairu, dubu biyu da tara.

Ashe ba korar ta aka yi ba.
Tun da aka ɗauke wuta ran Laraba
ta farka a shekarar ƙuruciyarta,
rumbu ya nuna mata shaida,
ta ce, ƙarya ne, wannan rana ba ta zo ba.
Na san masu irin halinta.
Baba ma har ya rasu
bai daina cewa "shagona" ba.

Batir ne ya mutu, ɗan fil kamar maɓallin riga.
Shaguna sun rufe, titi ya zama rafi.
Nanret ta yi tsaki, ta ɓalle bayan abin awon suga,
ta ce, "Aro ne, kafin asuba ki dawo min da shi."

Na sa. Na gaya mata yau wace rana.
Ta yarda.
Koren layi ya kama rarrafe,
kashi uku, kashi tara, ya huta, ya ci gaba.

Daga ɗakin ƙarshe kuka ya tashi, sabo ful.
Nanret ta ruga, ta dawo tana share hannu,
ta buga da yatsa ɗaya:
mace, kilo uku, suna sai ran bakwai.

Ruwa ya tsagaita. Mai keke na ta yi min hon.
Na ce ya jira.
Sai da na ga wannan layin ma ya shiga rumbu
sannan na nemi takalmina.